Magani ko Gashi: Wane Karatu Za Mu Sa Yaranmu?



Kowace shekara, da an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, maganar karatun yara takan taso a tarurrukan ƙungiyoyinmu na gama kai. Yaro ya gama sakandare, ya ci darussan kimiyya da kyau, yana so ya yi aikin asibiti. Bai sami gurbin karatun likita ba, ko kuwa shi kansa ba ya so. Sai malamansa su ce ya zaɓa tsakanin karatu biyu. Ɗaya shi ne ilmin harhaɗa magunguna, wanda ake kira famasi. Ɗayan kuwa ilmin gashi da motsa gaɓoɓi ne, wanda mutanen asibiti suke kira fisiyo. Uban yaro ya zo ƙungiya neman rance, ko kuwa ƙungiya da kanta tana da ɗan asusu na taimakon ɗalibai. Sa'an nan a yi tambaya, wanne ya fi?

Yawancinmu ba mu jinkiri wajen ba da amsa. Mukan ce, "Magani mana! Wa ya taɓa ganin mai sayar da magani yana kwana da yunwa?" Da haka a rufe magana, ba wanda ya tambayi yaron, ba kuma wanda ya tambayi mene ne aikin fisiyo.

Muna roƙo a sake duban wannan magana, gama kuɗin da za a kashe guminmu ne na shekaru da yawa, rayuwar da za a tsara kuwa ta ɗanmu ce. Ra'ayinmu kashi biyu ne. Na fari, halin yaro da baiwarsa su ne ya kamata su yanke shawara. Na biyu, idan yaro ya dace da duka biyun, kuɗin karatun kuma daga asusun ƙungiya zai fito, to, mu karkata ga gashi, domin shi ne ƙauyukanmu suka fi rasawa. Ga dalilanmu.

MENE NE AIKIN KOWANNENSU?

Bari mu fara da gyara kuskure biyu da ake yi.

Kuskure na fari shi ne ɗaukar masanin magunguna kamar mai kemis na bakin kasuwa. Mai kemis, idan yana da izini, an yarda masa ya sayar da waɗansu magunguna kaɗan a cikin kwalinsu, irin na zazzaɓi da ciwon kai. Masanin magunguna kuwa ya yi shekaru a jami'a yana koyon abin da ke cikin kowace ƙwaya, yadda take aiki a jini da hanta da ƙoda, nawa za a ba jariri, nawa za a ba tsoho, wane magani ne ba a haɗa shi da wani, wanne ne mace mai ciki ba ta sha. Idan likita ya rubuta magani, shi ne yake dubawa kafin a ba majiyyaci. Yana aiki a asibiti, ko a kantinsa mai rajista, ko a masana'antar yin magani, ko a hukumomin da ke kama jabu, ko a makaranta.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar fisiyo kamar mai tausa ko maɗori. Sunan gashi da muke ba aikin shi ya sa waɗansu suke tsammani ruwan zafi ne da tsumma kawai. Likitan fisiyo yana koyon jikin mutum sarai, kowace tsoka da jijiya da mahaɗin ƙashi. Aikinsa shi ne ya komar da jiki ga motsi bayan ciwo ya kwantar da shi. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, shi ne yake koya masa zama, da tsayuwa, da takawa, da kai loma baki. Wanda ya karye aka cire masa filasta, gwiwa ta sandare, shi ne yake sassauta ta. Yana aiki da motsa jiki da aka tsara, da hannuwansa, da zafi ko sanyi, da waɗansu na'urori. Abin da ya fi duka kuwa, yana koya wa mutanen gida yadda za su ci gaba da aikin bayan an sallami majiyyaci.

HANYAR SHIGA

Ƙofar shiga iri ɗaya ce. Ana bukatar kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare: Ingilishi, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. A jarrabawar JAMB kuma yaro zai rubuta Ingilishi, fiziks, kemistiri da bayoloji. Tun da daɗewa shekara biyar ake yi a jami'a a kowane ɗayansu. A 2025 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa ta ba da sanarwa cewa ta ɗaga darajar duka biyun, an mai da su shekara shida. Bayan wannan akwai shekara ɗaya ta koyon aiki a ƙarƙashin manya, sa'an nan shekara ɗaya ta bautar ƙasa.

Mu lissafa da lissafin manomi. Damina shida ke nan ana sayar da buhu domin kuɗin makaranta da abinci da littattafai da kuɗin mota, ba a ƙidaya lokacin da akan ɓata idan malaman jami'a suka shiga yajin aiki. Wanda zai ɗauki irin wannan kaya, ya kamata ya san inda zai sauke shi.

Ana koyar da famasi a jami'o'in Zariya, Jos, Maiduguri, Sakkwato da Kano, har da waɗansu. Fisiyo kuwa wuraren koyonsa ba su kai haka yawa ba a Arewa. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri suna cikin waɗanda suka daɗe suna yi. Kowane aiki yana da hukumar da take ba da lasisi. Ta magunguna an sabunta dokarta a 2022. Ta fisiyo da 'yan'uwansa masu aikin farfaɗo da majiyyata an kafa ta da dokar 1988. Ku lura da wannan ƙwarai: idan hukumar ba ta amince da sashen da yaro ya shiga ba, zai gama karatu ya rasa lasisi. A bincika tun kafin a biya ko kwabo.

ABIN DA KE JAN MU GA MAGANI

Ba mu raina famasi ba, ko kaɗan. Wanda ya san tarihin ƙasar nan ya san darajar masanin magunguna mai gaskiya. A 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan bayan sun sha maganin zazzaɓi na ruwa wanda aka haɗa da wani sinadari mai dafi. A 1993 aka kafa hukumar NAFDAC domin ta sa ido a kan abinci da magunguna. Daga 2001 zuwa 2008 marigayiya Dora Akunyili ta shugabance ta, ita kuwa masaniyar magunguna ce, ta yi yaƙi da masu jabu har suka nemi ranta. Duk da haka, daga ƙarshen 2008 wani maganin fitar haƙori ya sake kashe yara 84 da irin wannan dafi. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa, magani ɗaya cikin goma ko dai jabu ne ko kuwa bai kai inganci ba. A 2018 gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, saboda yadda samari da 'yan mata suka mai da shi abin maye.

A ƙauye kuma mun ga abin da rashin sani yake yi. Ana ajiye magani a rana a kasuwa har ƙarfinsa ya tafi. Allurar rigakafi da ta masu ciwon sukari da wadda ake yi wa mai haihuwa don tsai da jini, duka suna bukatar sanyi, in ba haka ba su lalace. Ana shan kafso kwana biyu a bari, har ƙwayar cuta ta saba da shi ya daina aiki. Ana zuba maganin feshi a kwalbar lemo a ajiye inda yara suke wasa. Duk waɗannan aikin masanin magunguna ne ya tsare mu daga gare su.

Ga kuma maganar abinci, wadda ba abin kunya ba ce. Hanyoyin samun aiki sun fi yawa a famasi, mutum yana kuma iya tsayawa da ƙafarsa ya buɗe kanti. Amma a nan ma mu yi lissafi. Kanti mai rajista yana bukatar jari mai kauri: haya, firiji, wuta, da kayan da za a cika kanta da su, ga shi farashin magunguna ya hau ƙwarai tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Wanda ya zuba irin wannan jari yakan nemi inda masu kuɗi suke, watau birni. Shi ya sa kantunan masana suka taru a Kano da Kaduna da Jos da Abuja, ƙauye kuwa aka bar shi da mai kemis da mai talla a faranti. Idan muna tsammani ɗanmu zai gama famasi ya zo ya buɗe kanti kusa da ma'ajiyar takin ƙungiya, mu tambayi kanmu wa zai ba shi jarin.

ABIN DA BA MU GANI

To, bari kowannenmu ya zaga ƙauyensu a zuci, gida gida. Gida nawa ne ke da dattijo kwance a ɗaki tun da hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki? Samari nawa ne suka faɗi a babur, aka yi ɗori, ƙashi ya haɗe amma ƙafa ta ƙi lanƙwasuwa? Yara nawa ne suka sha wahala wajen haihuwa, ko shawara ta kama su suna jarirai, har yanzu wuya bai tsaya ba? Mata nawa ne suke kuka da baya saboda surfe da ɗaukar itace da goyo? Mu da kanmu, mu nawa ne muke miƙewa daga kan fartanya da hannu a ƙugu?

Waɗannan mutane ba su cika zuwa layin asibiti ba, shi ya sa ba a ƙidaya su. An kai su sau ɗaya, an ba su magani, an ce su koma gida. Daga nan sai ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum ɗaya cikin uku a duniya, watau wajen mutum biliyan 2.4, yana da wata larura wadda aikin farfaɗowa zai taimake shi. Ta kuma ce ciwon baya shi ne kan gaba wajen nakasa mutane, ya kama mutum miliyan 619 a 2020. Idan haka yake ga masu zama a kujera, ina ga wanda jikinsa shi ne garmarsa?

Mu manoma mun san abin da kwanciyar mutum ɗaya take jawowa. Idan maigida ya shanye, hannunsa ya fita daga gona, hannun matarsa ma ya fita, gama ita ce mai jinya. Sau da yawa akan cire yarinya daga makaranta ta taimaka. A sayar da akuya, a sayar da sa, a jinginar da gona. Rancen da ya karɓa daga ƙungiya kuma ya tsaya. Ashe ciwon mutum ɗaya ya taɓa asusun kowa.

Ga abin da masu wannan ilmi suka tabbatar. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, yawancin sauƙin da zai samu yakan zo ne a cikin wata uku zuwa shida na fari, idan an fara motsa shi da wuri bisa ƙa'ida. Idan aka bar shi kwance, gaɓoɓi sukan ƙage, kafaɗa ta saki, gyambo ya fito a baya da ƙugu saboda ba a juya shi. Abin da ake bukata ba mai tsada ba ne: a riƙa juya shi kamar kowace awa biyu, a san yadda za a ɗora hannun a kan matashi, a kafa sanduna biyu a tsakar gida ya riƙa dafawa yana takawa. Kafinta da maƙerin ƙauye suna iya yin kayan. Mai nuna yadda za a yi shi ne babu.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasarmu. An fara shi a 1945 a asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, Jami'ar Ibadan kuma ta fara koyar da shi har digiri a 1966. Asibitin ƙashi na Dala a Kano yana nan tun 1959. Tsofaffinmu kuma suna tunawa da asibitocin kutare na Garkida, Molai, Mangu, Yadakunya da Amanawa, inda bayan magani ake koya wa mutane jiƙa ƙafa, da shafa mai, da miƙe yatsu kowace rana, ana yi musu takalma na musamman domin su koma gona. Magani yana kashe ƙwayar kuturta, amma ba ya miƙe yatsan da ya riga ya lanƙwashe. Haka kuma shan inna. An ga na ƙarshe da ƙwayar daji ta kama a Jihar Borno a 2016, a 2020 kuma aka ba da shaida cewa Afirka ta rabu da irin wannan ƙwaya. Mun gode wa Allah. Amma waɗanda ta riga ta shanye suna nan tare da mu, suna bukatar sanda da takalmin ƙarfe da keke, da wanda ya san yadda ake auna musu.

Duk da wannan tarihi, likitocin fisiyo kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da yawan jama'a, yawancinsu kuma suna manyan asibitocin koyarwa da na birane. Mai kemis kuwa, ko mai kyau ko marar kyau, da wuya a rasa shi a ƙauyen da ke da kasuwa. Magani yana iso mu ko ta wace hanya. Gashi irin na masana bai iso ba tukuna.

INDA BIYUN SUKA HAƊU

Akwai abu biyu da za su nuna mana yadda ayyukan nan suke riƙe da juna.

Na fari shi ne ciwon jiki lokacin noma. Saurayi ya tashi da ciwon baya, ga aikin ƙodago yana jiransa. Ya je wurin mai kemis a ƙulla masa haɗi, ƙwaya huɗu ko biyar a takarda. Wani ma ya kai ga tiramadol domin ya yi aikin mutum biyu. Ciwo ya lafa, ya koma gona, gobe ya sake. Irin waɗannan magungunan kashe ciwo, idan aka daɗe ana sha, suna cin ciki har ya yi gyambo, suna kuma lalata ƙoda. Tiramadol kuwa yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi. Masanin magunguna mai gaskiya zai hana shi sha. Amma bayan ya hana, ciwon bayan yana nan. Likitan fisiyo ne zai duba dalilin, ya koya masa yadda zai ɗaga buhu da gwiwa a lanƙwashe, da motsin da zai ƙarfafa baya, ya kuma gane wanda ciwonsa ya wuce nan, a aika da shi wurin likita.

Na biyu shi ne allurar da wanda bai ƙware ba yake yi wa yaro a ɗuwawu. Akwai wata babbar jijiya da take bi ta nan zuwa ƙafa. Idan allura ta same ta, ƙafar yaro takan saki, ya riƙa jan ta. Masanin magunguna zai iya gaya wa uwa tun da fari cewa zazzaɓin nan ba ya bukatar allura. Idan abin ya riga ya faru, likitan fisiyo ne zai yi watanni yana aiki a kan ƙafar.

Saboda haka muna bukatar duka biyun. Tambayar ita ce, ina giɓin ya fi faɗi a wurinmu?

MU FAƊI GASKIYA A KAN WAHALAR

Ba za mu ɓoye muku ba, hanyar fisiyo tana da ƙaya. Guraben aikin gwamnati kaɗan ne, ƙananan asibitoci da yawa ba su da sashen ma sam. Jama'a ba su saba biyan kuɗi don a koya musu motsi ba. Mutum yakan ji bai ga likita ba idan bai fito da ƙwaya ko allura ba. Aikin yana cin ƙarfi, gama ana ɗaga manyan mutane ana tallafe su. Sakamako kuma ba ya zuwa da sauri, akan yi wata guda kafin yatsa ɗaya ya motsa. Ga shi kuma ƙasashen waje, irin su Ingila da Kanada da ƙasashen Larabawa, suna ɗibar ma'aikatan lafiyarmu, na magani da na gashi duka. Yaron da muka sha wahala a kansa yana iya tafiya.

Wani zai ce, to, me ya sa za mu tura yaro inda aiki ba shi da tabbas? Amsarmu ita ce, likitan fisiyo ba ya bukatar jari irin na kanti kafin ya fara amfani. Ɗaki guda, gado mai ƙarfi, tabarma, sanduna da ilminsa sun isa a fara. Yana iya aiki a asibitin gari ya riƙa zagaya ƙauyuka ranar kasuwa. Abin da yake bukata shi ne jama'a masu tsari waɗanda za su tara masa majiyyata, su kuma tabbatar an biya shi haƙƙinsa. Wannan kuwa shi ne abin da ƙungiyar gama kai ta iya. Mun iya tara kuɗin taki, mun iya sayen injin niƙa tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A DUBI YARON

Duk abin da muka faɗa a sama ba zai yi amfani ba idan aka tura yaro inda zuciyarsa ba ta so. Mun san ba kowace ƙasa take karɓar kowane iri ba. Fadama ta shinkafa ce, jigawa ta gero.

Yaron da ya dace da famasi, za ku ga yana son kemistiri da lissafi, yana da natsuwa, ba ya gajiya da haddace sunaye, ba ya wasa da awo. Idan aka aike shi da kuɗi yakan kawo canji daidai. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, gama jarabar aikin magani ita ce kuɗi: a sayar da abin da bai kamata ba ga wanda bai kamata ba, domin riba.

Yaron da ya dace da fisiyo kuwa, za ku ga yana son bayoloji, ba ya ƙyamar marar lafiya, yana da haƙuri da tsofaffi da ƙananan yara, ya iya lallashi, hannunsa kuma yana da dabara. Shi ne wanda yakan zauna wurin kaka lokacin da sauran suka gudu wasa.

Kada mu manta da 'yan mata. A wurare da yawa a ƙasarmu mace ba ta yarda namiji baƙo ya taɓa jikinta, mijinta ma ba zai yarda ba. Aikin fisiyo kuwa dole sai an taɓa. Idan babu mace mai wannan ilmi, uwayenmu da matanmu za su ci gaba da kwanciya a ɗaki. Yarinyar da ta koyi wannan aiki za ta shiga gidajen da namiji ba zai shiga ba.

SHAWARA GA ƘUNGIYOYI

1. Kada a yanke shawara ba tare da yaron ba. A kira shi gaban kwamiti, a bar shi ya yi magana, a ji ta bakin malamansa na kimiyya.

2. Gani ya kori ji. Kafin ya cika takarda, a nemi izini ya yi 'yan kwanaki a babban asibiti, ya ga ɗakin magani, ya ga sashen fisiyo. Kuɗin motar wannan tafiya ya fi arha bisa ga shekarar da za a yi hasara idan ya sake karatu a tsakiya.

3. A tabbatar hukumar aikin ta amince da sashen da zai shiga.

4. A nemi rancen karatu na gwamnatin tarayya, wanda aka fara bayarwa a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati. Ba shi da ruwa, ba a kuma fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Wannan zai rage wa asusun ƙungiya nauyi.

5. Idan ƙungiya ce za ta biya, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu: shekara nawa zai yi wa yankin aiki bayan ya gama, ko kuwa nawa zai mayar idan ya tafi wani wuri, domin a koyar da wani a madadinsa. A yi ta da adalci, ba domin a ɗaure yaro ba.

6. Ƙungiyoyin da suke maƙwabtaka su haɗa kai. Idan ɗaya ta riga ta ɗauki nauyin mai karatun magani, ta biyu ta ɗauki na gashi.

7. Wanda bai sami jami'a ba, kada ya fid da zuciya. Makarantun koyon aikin lafiya na jihohi suna horar da mataimakan masana magunguna cikin shekaru kaɗan, irin waɗannan kuwa sun fi zama a karkara.

8. Tun yanzu sakataren kowace ƙungiya ya rubuta yawan waɗanda suke kwance ko suka nakasa a ƙauyukan membobinsa, da irin larurar kowa, da yardar iyalinsu. Wannan lissafi shi ne za mu kai wa shugabannin ƙaramar hukuma da na asibitocinmu sa'ad da muke roƙo a buɗe sashen fisiyo kusa da mu. Shi ne kuma zai nuna wa yaranmu cewa aiki yana jiransu a gida.

'Yan'uwa, lokacin cika takardun jarrabawa ba ya jiran kowa, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Muna roƙon kowane shugaban ƙungiya ya sa wannan magana cikin abubuwan da za a tattauna a taro mai zuwa, a karanta ta da ƙarfi domin waɗanda ba su iya karatu ba, a kuma gayyaci iyaye mata su faɗi nasu, gama su ne suka fi sanin nauyin jinya. Wanda yake da wani ra'ayi dabam, ya rubuto mana, za mu buga.

Allah ya ba yaranmu basira, ya ba mu lafiya da damina mai albarka.